Ramin Kwal da Kuɗin Jingina: Tarihin Gyaran Ƙasa a Amurka

A shirinmu na tarihi na yau za mu yi tafiya mai nisa, zuwa ƙasar Amurka. Za mu ji labarin wuraren da aka haƙa kwal, da abin da ya same su bayan an gama haƙa.

Kwal shi ne gawayin ƙasa. Baƙin dutse ne mai cin wuta. Da shi ake tafasa ruwa a manyan tashoshi, tururi ya juya inji, a sami wutar lantarki. Da shi kuma ake narka ƙarfe. Amma kowane wurin haƙa yana da ranar buɗewa, yana da ranar rufewa. Ranar buɗewa akwai manyan baƙi. Ranar rufewa sai rami. To, wa zai cike ramin? Da kuɗin wa? Amurkawa sun yi shekara fiye da 80 suna gardama a kan wannan. Abin da gardamar ta koya musu shi ne: kuɗin gyara, a karɓe su tun ba a sari ƙasa ba.

Yadda ake haƙar kwal

Hanya biyu ce. Ta farko, a nutsa ƙarƙashin ƙasa kamar masu ginar rijiya, a yi lunguna, a riƙa fito da kwal. Ta biyu, a kwashe duk abin da ke sama: itatuwa, ciyawa, turɓaya da duwatsu, har a tarar da kwal a shimfiɗe. Wannan ita ce haƙar sarari. Ta fi arha, ba ta son ma'aikata da yawa, amma tana son manyan injuna.

Bayan yaƙin duniya na biyu, wanda ya ƙare a 1945, injuna suka yi ta girma. A jahar Ohayo an yi wata na'ura mai suna Big Muskie. Ta yi aiki daga 1969 zuwa 1991. Cokalinta guda yana ɗaukar ƙasa kusan ton 300 a ɗiba ɗaya, wato kayan kamyo 30 masu ɗaukar ton goma-goma. Kafin tsakiyar shekarun 1970, rabin kwal ɗin Amurka daga haƙar sarari yake fitowa.

Me ake bari a baya? Tsibin ƙasa wanda ko ƙaya ba ta tsira a kai. Gaɓa a tsaye kamar katanga, mai halaka mutum da dabba. In damina ta yi ƙarfi, tsibin ya zabtare, ya rufe gonaki da gidaje. Akwai kuma ɓacin ruwa. A cikin kwal akwai wani dutse mai farar wuta. In ya sha iska da ruwa, sai ruwan ya yi tsami, ya yi ja kamar tsatsa. Kifi ba ya rayuwa a ciki, dabba ba ta sha, shuka ba ta so.

Takardar da ba a karanta ba

A gabashin Amurka akwai jerin duwatsu da ake kira Apalashiya. Can ne jahohin Kentaki, da Bajiniya ta Yamma, da Pensilbaniya. A da, mutanen ƙauyukan wurin talakawa ne, manoma.

Tun wajen ƙarshen ƙarni na 19, dillalai suka riƙa bin ƙauyukan Kentaki. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne John Mayo, tsohon malamin makaranta. Ba gona suke saye ba. Abin da ke ƙarƙashin gona suke saye. Sau da yawa kuɗin ekta guda bai kai dalar Amurka 3 ba. Ku lura, dalar da za mu riƙa ambata yau kuɗin Amurka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba. Manomi ya ga kuɗi a hannu, gonarsa kuma tana nan, sai ya yarda. Da yawa ba su iya karatu ba. Alama kawai suka yi a ƙasan takarda.

Takardar kuwa ta ba mai saye izinin fitar da kwal ta kowace hanya da ya ga ta dace. A lokacin, da diga da shebur ake aiki. Ba wanda ya san katafila za ta zo. Bayan shekara 50 ko 60 ta zo, ta tarar da jikoki. Kamfani ya nuna takardar kaka, ya ture gona da itatuwa. A 1956 babbar kotun Kentaki ta ce kamfani yana da wannan iko.

A watan Nuwamba na 1965 wata tsohuwa mai suna Ollie Combs, wadda mijinta ya rasu, ta zauna a gaban katafila a bisa gonarta, ta ƙi tashi. Ƴan sanda suka ɗauke ta cak, suka kai ta gidan kaso. Hotonta ya fito a jaridu, mutane suka harzuƙa. A 1966 Kentaki ta ƙara tsananta dokarta ta haƙa. Amma tsohuwar takardar nan ba ta rasa ƙarfinta ba sai a 1988, da mutanen jahar suka jefa ƙuri'a, fiye da kashi 80 cikin 100 suka ce kada a sake yin haƙar sarari da irin takardar ba da yardar mai gona ba.

Dokokin farko da ƙaramar jingina

Amurka tarayya ce. Kowace jaha tana da gwamna da majalisa, tana yin dokokinta. Bajiniya ta Yamma ce ta fara yin dokar haƙar sarari a 1939. Indiyana ta bi a 1941, Ilinoyi a 1943, Pensilbaniya a 1945. A irin waɗannan dokoki aka fara neman kamfani ya ba da jingina. In ya gyara ƙasa, a mayar masa. In bai gyara ba, hukuma ta riƙe.

Dabarar tana da kyau, amma jinginar ba ta taka kara ta karya ba. Ku auna da kanku. Mutum ya ari sanka na noma, ya bar maka zakara jingina. Zai yi gaggawar dawo da sa? Haka kamfanoni da yawa suka yi lissafi. Kuɗin gyara sun fi jingina nesa, sai su bar jinginar, su kwashe injunansu, su yi gaba. Wasu ma su canza suna, su nemi sabon wuri.

Jahohi kuma suna tsoron juna. Kowace tana cewa: in na tsananta, kamfanoni za su ƙaura zuwa maƙwabciyata, in rasa haraji, mutanena su rasa aiki. Saboda haka kowa ya yi sako-sako.

Wuta da ambaliya

Abubuwa biyu sun nuna tsadar wannan sakaci. Na farko ya faru a garin Santiraliya, cikin Pensilbaniya. A 1962 wuta ta kama a wani tsohon ramin haƙa da aka mayar juji. Ta bi kwal ta shiga ƙarƙashin gari. Aka yi ta ƙoƙarin kashe ta, abin ya faskara. Hayaƙi mai guba ya riƙa shiga gidaje, ƙasa tana burmawa. A shekarun 1980 gwamnati ta ware dala miliyon 42 don a tashi mutane. Garin da ya fi mutum 1000, a ƙidayar 2020 mutum 5 suka rage. Har yau wutar ba ta mutu ba.

Na biyu ya faru a kwarin Bafalo Kirik, cikin Bajiniya ta Yamma. Kamfanin Pittston ya tare ruwan wankin kwal da madatsai na tarkacen kwal, a bisa ƙauyuka. Ranar 26 ga Fabrairu 1972, da safe, bayan kwanaki ana ruwa, madatsa ta fashe. Baƙin ruwa kimanin lita miliyon 500 ya gangaro. Mutum 125 suka mutu, fiye da 1000 suka ji rauni, fiye da 4000 suka rasa gidaje. Kamfanin ya ce ikon Allah ne. Mutanen kwarin suka ce ai ba Allah ya gina madatsar ba. Jahar ta kai ƙara tana neman dala miliyon 100. A 1977, saura kwana uku ya sauka daga mulki, gwamna Arch Moore ya yarda aka biya miliyon 1 tak.

Dokar 1977

Daga nan kuka ya kai Washinton, babban birnin ƙasar. Wasu ƴan majalisa, irin su Ken Hechler, suka ce a hana haƙar sarari ɗungum. Wasu, irin su Morris Udall, suka ce a bari a haƙa, amma a tilasta gyara. Ra'ayi na biyu ya rinjaya. Majalisa ta yi doka a 1974, shugaba Gerald Ford ya ƙi sa hannu. Ta sake yi a 1975, ya sake ƙi. Ya ce kwal zai yi tsada, mutane za su rasa aiki. Sai ranar 3 ga Agusta 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu. Doka ta zama ɗaya ga ƙasa duka. Jaha tana iya riƙe aikin sa ido da kanta, in dai dokarta ba ta kasa ta tarayya ba.

Ga manyan abubuwa huɗu da ke cikin dokar.

Na ɗaya, ba a haƙa sai da takardar izini. Ba a ba da takardar sai kamfani ya kawo tsarin gyara a rubuce.

Na biyu, ƙasar sama mai albarka a kwashe ta daban, a adana. In an gama, a cike rami, a mayar da wurin kusan siffarsa ta da, a shimfiɗa ƙasar sama, a yi shuka. Wurin ya iya amfanin da yake yi da, ko wanda ya fi shi.

Na uku, jingina. Kafin a fara haƙa, kamfani ya ba da jinginar da za ta isa hukuma ta ɗauki wani ya yi gyaran, in shi ya kasa. Kome ƙanƙantar wuri, ba ta kasa dala dubu 10 ba.

Na huɗu, tsofaffin ramukan da aka watsar kafin dokar, waɗanda ba su da mai su. Aka buɗe musu asusu. Duk ton ɗin kwal da aka fitar, kamfani ya zuba wani abu: a 1977, santi 35 ne in haƙar sarari ce, santi 15 in ta ƙarƙashin ƙasa ce. Santi 100 ne dala guda. Wato masu haƙar yau suna biyan ɓarnar masu haƙar jiya.

Jingina iri-iri

Dokar ta yarda da hanyoyi da dama. Kowace tana da kamarta a zamanmu na yau da kullum.

Hanya ta farko, kamfani ya ajiye kuɗi tsaba, ko takardar banki, ko wata dukiya. Wannan kamar jinginar gona ce. Abu yana hannu.

Hanya ta biyu, kamfanin inshora, wanda muke kira asurans, ya tsaya masa. Kamfanin kwal yana biyan lada kowace shekara. In ya gudu, mai inshora ya biya, ko ya yi gyaran. Wannan kamar mai lamuni ne a kasuwa.

Hanya ta uku, kamfanonin jaha guda su riƙa zubi a asusu ɗaya. Kowa ya ba da ƙaramar jingina, in wani ya karye a ɗiba daga asusun a cika. Wannan ya yi kama da adashi.

Hanya ta huɗu, kamfani ya lamunci kansa. In babba ne, ya yi shekara biyar yana aiki, takardun lissafinsa sun nuna yana da dukiya, sai ya sa hannu kawai. Ba ya ajiye ko sisi. Ku riƙe wannan hanya ta huɗu, za mu komo kanta.

Yadda ake mayar da jingina

Ba a mayar da ita gaba ɗaya. Mataki uku ne. In an cike rami an daidaita ƙasa, ana iya mayar da har kashi 60 cikin 100. In shuka ta kama, a ƙara wani kashi. Saura kuma sai an jira, an ga shukar ta tsaya da ƙafarta. Inda ruwan sama ya wuce milimeta 660 a shekara, jiran shekara 5 ne. Inda bai wuce haka ba, shekara 10 ne, don ƙasa mai ƙarancin ruwa ba ta saurin warkewa. Da a ƙasarmu ne, Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai duk suna cikin masu jiran shekara 10.

Kafin a mayar da jingina, dole kamfani ya buga sanarwa a jaridar yankin, sau ɗaya a mako, har mako huɗu. Wanda rijiyarsa ta ɓaci, ko gonarsa ta zabtare, yana da ikon ya rubuta ƙorafi, ya nemi a zauna a saurare shi. Jikokin masu yin alama a ƙasan takarda, yanzu takarda ta zama makaminsu.

Abin da dokar ta gyara

Dokar ta yi amfani ƙwarai. Kuɗin asusun sun rufe dubban bakunan ramuka, sun kwantar da gaɓoɓi masu haɗari, sun kai ruwan pampo ƙauyukan da rijiyoyinsu suka ɓaci. A Ohayo, a yankin da Big Muskie ta yi aiki, akwai fili kusan ekta 4000 da aka mayar gandun namun daji, ana kiransa The Wilds. Har raƙuman dawa da karkanda ake kiwo a ciki.

An kuma yi kuskure, an koya. A shekarun farko katafiloli sun riƙa danne ƙasa don kada ta zabtare. Sai ta yi tauri kamar fako. Ciyawa ta fito, itace ya ƙi. Wuraren da suke dazuzzuka da, suka zama fili fetal. Daga 2004 hukumomi da malaman jami'a suka shiga koyar da wata hanya: a zuba ƙasa mai zurfin mita ɗaya da ƴan kai, kada a danne, a shuka ciyawar da ba ta shaƙe dashe, a dasa itatuwan asalin wurin. Manomin Adar da ya taɓa fasa fako ya yi tassa ya san wannan magana. Saiwa tana son ƙasa mai laushi.

Da kasuwa ta faɗi

Jingina ba a sanin ƙarfinta sai ranar wuya. Ranar ta zo. A 2008 Amurka ta haƙa kwal fiye da ton miliyar 1. Daga nan iskar gas ta yi arha, tashoshin lantarki suka riƙa barin kwal. A 2020 abin da aka haƙa bai kai rabin na 2008 ba. Manyan kamfanoni kuma sun ci bashi mai nauyi lokacin da kasuwa take da kyau. Alpha Natural Resources ya sayi wani kamfani a 2011 da dala fiye da miliyar 7.

Sai suka shiga karyewa. Alpha ya karye a Agusta 2015, Arch Coal a Janairu 2016, Peabody, babbansu duka, a Afrilu 2016. Dukansu uku suna cikin masu lamunin kansu.

Ku dubi lissafin Alpha a jahar Wayomin. Ya sa hannu cewa yana da dala miliyon 411 na gyara. Da aka je gaban alƙali, ga bankuna da sauran masu bin bashi sun yi layi. Abin da jahar ta samu aka sa mata a gaban layi, miliyon 61 ne. Nan kowa ya gane aibin hanya ta huɗu. Ranar da ake bukatar lamunin, ranar ce mai lamunin ya tsiyace, don shi ne mai bashin. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Waɗannan kamfanoni ba su rufe ba. Kotu ta rage musu bashi, suka ci gaba da haƙa, kuma hukumomi suka matsa har aka musanya yawancin sa hannun nan da lamunin inshora. A 2017 masu binciken kuɗin gwamnati sun ƙirga jinginar kwal ta ƙasar duka, ta kai dala miliyar 10 da miliyon 200. Kashi 76 cikin 100 lamunin inshora ne, kashi 12 dukiya ce a hannu, kashi 12 lamunin kai.

Rami daga hannu zuwa hannu

Sai wata dabara ta bayyana. In wuri ya kusa ƙarewa, babban kamfani ya miƙa shi ga ƙarami, tare da nauyin gyaransa. Wuraren haƙa biyu na Alpha a Wayomin sun bi hannu biyu, a ƙarshen 2017 suka faɗa hannun wani kamfani mai suna Blackjewel, wanda ya tara tsofaffin wurare da yawa a Kentaki da maƙwabtanta.

Ranar 1 ga Yuli 2019 Blackjewel ya karye. Aka sallami ma'aikata ba shiri. Wasu sun kai takardar albashinsu banki, aka ce babu kuɗi. A yankin Harlan na Kentaki, ma'aikata da iyalansu suka zauna a bisa hanyar jirgin ƙasa, suka tare jirgin da ke ɗauke da kwal ɗin da suka haƙa. Sun yi kusan wata biyu a wurin kafin maganar albashinsu ta kama hanya. Abin takaici, Kentaki tana da dokar da ta ce sabon kamfani ya ajiye jinginar albashin mako huɗu. Ba a karɓa ba.

Wuraren Wayomin sun sami mai saye. Na Kentaki da yawa ba su samu ba. A Maris 2021 alƙali ya yarda kamfanin ya saki takardun izini fiye da 30 a jahar. Gyaransu ya koma kan masu inshora da hukuma.

Ruwa da adashi

Akwai raunuka biyu da har yanzu ba su warke ba. Na ɗaya, jan ruwan nan mai tsami. Rami ana cike shi sau ɗaya. Ruwa kuwa sai a yi ta zuba masa farar ƙasa, shekara da shekaru, don a kashe tsaminsa. A wasu wurare ba a san ranar dainawa ba. Jinginar da aka auna da kuɗin tura ƙasa ba ta isa wannan.

Na biyu, asusun haɗin gwiwa. Adashi yana tafiya ne in masu zubi suna da yawa, mai ɗauka ɗaya. In kasuwa ta faɗi, masu zubi su ragu, masu karyewa su ƙaru a lokaci guda. A Bajiniya ta Yamma, doka ta tsayar da jingina kada ta wuce kimanin dala dubu 12 ga ekta. A 2021 masu binciken majalisar jahar suka gano cewa jinginar kamfanonin da suka gudu tana biyan kusan kashi 10 ne kawai cikin 100 na kuɗin gyara.

Asusun tsofaffin ramuka ma bai isa ba, don kwal ɗin da ake karɓar harajinsa yana raguwa. A Nuwamba 2021 shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta zuba masa dala miliyar 11 da miliyon 300, a kashe cikin shekara 15. Kuɗin baitulmali ne, wato harajin jama'a. Kamfanonin da suka ci ribar waɗancan ramuka sun daɗe da ɓacewa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A nan wasu suka ci lada, wasu suke aski.

Mu kuma fa?

Wannan labari bai yi mana nisa ba kamar yadda ake zato. Ƙasarmu tana da kwal. A 1975 aka kafa kamfanin Sonichar, wanda ke haƙar sarari a Anu Araren, kusa da Cirozerin, yana ba Agadas da Arlit wutar lantarki. Akwai kuma kwal a Salkadamna, cikin jahar Tawa. Mun ma riga mun ga ranar rufewa, ko da yake ba ta kwal ba ce. Ranar 31 ga Maris 2021 kamfanin Cominak ya daina haƙar uraniyum a Akuta, bayan shekara fiye da 40. Ya bar tarkace kimanin ton miliyon 20 da ke bukatar rufewa da tsaro. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da za mu riƙe

Ƴan uwa, tarihin nan ya nuna mana sharuɗɗa huɗu na jingina mai amfani. A karɓe ta kafin a fara haƙa, lokacin da kamfani yake neman izini, yana jin magana. Ta kai kuɗin gyara na gaskiya, har da na ruwa, a riƙa sake auna ta don kaya suna tsada. Ta zauna a hannun wani, ba a aljihun mai haƙa ba. Kada a mayar da ita sai mutanen wurin sun gani da idonsu cewa ƙasa ta warke.

In wata rana baƙi suka zo garinku da takarda, suna neman haƙar kwal, ko zinariya, ko dutse, kada kowa ya dangwala yatsa sai an karanta ta daga farko har ƙarshe, a gaban mai gari da jama'a. Ku tambaye su: nawa kuka ajiye na gyara? A hannun wa? In kun sayar wa wani, wa zai ɗauki nauyi?

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a wurin karatu.

1. Me ya sa jinginar dokokin farko ba ta hana kamfanoni gudu ba?
2. Cikin hanyoyin jingina huɗu, wace ce ta fi ƙarfi, wace ce ta fi rauni? Don me?
3. Akwai ramin da aka haƙa aka bari kusa da garinku, na laka, ko na tsakuwar hanya, ko na zinariya? Wa ya haƙa shi, wa ya kamata ya cike shi?

Ku rubuto mana amsoshinku da hannunku.